Daga Buhun Dusa Zuwa Hanta: Yadda Ake Bin Sawun Fumfuna a Jikin Dabba

Da zarar damina ta ja baya, wajen watan Oktoba, akwai maganar da nake ji kusan kullum a bakin masu kiwo a nan Garwa: "Likita, na yi allura, na ba da maganin tsutsa, amma dabba sai ramewa take yi." In na ce a kai ni inda ake ajiye abincinta, sai mai gida ya dube ni da mamaki, don a ganinsa ciwo a jikin dabba yake, me ya kawo zancen sito? Alhali sau da yawa amsar tana can, cikin buhun dusar da ta dunƙule, ko tunkuzar da ta yi kore a tsakiya, ko damin harawar da ruwan ƙarshe ya daka a kan rufin ɗaki. Ruwa ba ya tsami banza.

Fumfuna tana cutar da dabba ta hanya biyu, kuma dole a raba su tun farko. Ta ɗaya, ƙurarta ta shiga jiki, ta huhu ko ta ciki, ta tsiro a cikin naman dabbar kamar yadda take tsirowa a kan tuwon da ya kwana uku. Ta biyu, wadda ta fi yi mana ɓarna, fumfunar ta tsaya a kan hatsi ta zuba masa guba, dabba ta ci. Gubar ba ta da wari, ba a ganinta, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta.

Yawancin abin da aka sani a kan wannan, daga gwajin da aka yi wa aladu aka samo shi. Na san wani zai yamutsa fuska. Mu ba ma cin alade, ba ma kiwonsa, amma maƙwabtanmu Masa da Tupuri da Mundang a Yagwa da Kaele da Bongor suna kiwo, kuma a hannun 'yan kasuwarmu suke sayen dusa da masara. Bayan haka, tumbin alade guda ɗaya ne kamar na ɗan Adam, hantarsa da ƙodarsa suna aiki kusa da yadda namu suke yi, shi ya sa masana suka fi gwaji da shi. Sukan raba aladu gida biyu, a ba wasu abinci mai tsabta, a ba wasu wanda aka shuka wa fumfuna da gangan. A riƙa auna nauyinsu da jininsu, daga ƙarshe a buɗe su a kwatanta kayan cikinsu. A 1981 masana a Afirka ta Kudu suka ciyar da aladu masarar da aka shuka wa fumfunar Fusarium, huhunsu ya cika da ruwa. A 1988 aka gano gubar a can, aka sa mata suna fumonisin. Da masarar 1989 ta kashe aladu da yawa a Amurka, sai aka ɗauki gubar zalla aka yi wa alade allurarta, ciwon ya fito sak. Haka aka tabbatar wace guba ke cin wane sashe na jiki, kuma da wannan sanin muke aiki a kan kaji da tumaki da jakuna.

Mataki na farko: fara da sito, kafin ka taɓa dabbar

Kada ka tsaya a bakin buhu. Tura hannu har gwiwar hannu, ka ɗebo daga tsakiya, sannan ka sa a sauke buhunan da ke jingine da bango da waɗanda ke kwance a ƙasa, don nan danshi ke taruwa. Dusa mai lafiya tana zubowa ta tsakanin yatsu. In ta dunƙule, ko ka ji ɗumi a cikinta, ko wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, to ta kama. Tunkuza da ƙuli-ƙuli da turto, wato tunkuzar anguryar da ake samu daga kamfanin auduga na SODECOTON, a karya su ake dubawa, domin waje yakan yi kyau ciki ya lalace. Damin harawa kuma a kwance shi.

Launi yana ba da labari, ko da yake ba shi ne hukunci ba. Kore mai ratsin ɗorawa a kan gyaɗa ko masara yawanci fumfunar Aspergillus flavus ce, uwar gubar aflatoksin. Fari mai ja-ja ko ruwan hoda a kan ƙwayar masara, Fusarium ce. Duba ma inda tsutsa ta huda goyon masara da inda gara ta ci kwanson gyaɗa, ta nan fumfuna ke samun ƙofa. Ɗaura ƙyalle a hanci kana wannan aiki, huhunka ma nama ne.

Abu guda da zan ja kunne a kai: hatsi na iya fita fes a ido, guba tana ciki. A Amurka iyakar aflatoksin da aka yarda da ita a abincin mutane da na shanun tatsa da ƙananan dabbobi ita ce kashi 20 cikin biliyan. Wato miligiram 2 a buhu mai kilo 100, bai kai nauyin ƙwayar riɗi ɗaya ba. Ido ba zai taɓa ganin wannan ba.

Mataki na biyu: tambayi wa ya fara kwantawa

Guba ba ta yaɗuwa daga dabba zuwa dabba, saboda haka tsarinta daban yake da na annoba. Waɗanda suka ci daga buhu ɗaya su ne ke ciwo, na maƙwabci da ke sha a rijiya ɗaya da su lafiya lau. Yawanci babu zazzaɓi. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta canza komai. In ka bi baya kuma, za ka tarar ciwon ya biyo bayan buɗe sabon buhu ko sauya mai kawo kaya.

Dabbobi ba ƙarfinsu ɗaya ba. 'Yan agwagi da talo-talo su ne na gaba wajen faɗuwa. Da ma ta kansu aka gano aflatoksin: a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Sai 'yan tsaki da aladu da 'yan maruƙa. Babban sa da rago sun fi juriya, saboda ƙwayoyin da ke cikin tumbinsu suna rage kaifin wasu gubobin. Doki da jaki kuwa fumonisin ce ajalinsu, tana narkar musu da ƙwaƙwalwa. Jakin da ya ci ruɓaɓɓiyar masara zai riƙa zagaye wuri ɗaya, ya kafa kai a bango, ya makance. Wannan ya yi kama da ciwon haukan kare, don haka kada kowa ya sa hannu a bakinsa.

A aladu, in 'yan matan da ba su isa barbara ba suka kumbura ta baya kamar masu neman namiji, wata guba ce mai suna ziyaralenon. In suka ƙi cin abinci suna amai, wata ce daban daga dangin Fusarium. In suna shan ruwa ba ƙaƙƙautawa suna yawan fitsari, a tuhumi ƙoda.

Mataki na uku: kafin wuƙa, san gawar da ba a buɗewa

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, ba a buɗe ta. Cutar saifa ke nan har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma tana kashe mutum. Aladun da ke mutuwa da yawa cikin 'yan kwanaki, da zazzaɓi da jan kunne da jan ciki, su ma ba a taɓa su. Zazzaɓin aladu na Afirka ya shigo Kamaru a 1982, ya iso arewacin ƙasar da Cadi a 2010, kuma wuƙa da takalmi suna ɗaukarsa daga gida zuwa gida. A irin waɗannan a kira ma'aikacin ofishin dabbobi mafi kusa na ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, a tsare wurin.

Mataki na huɗu: karanta kayan ciki

Nan ne aikin yake, gani ya kori ji. A zafin ƙasarmu gawa tana lalacewa cikin 'yan sa'o'i, don haka a buɗe da wuri, a inuwa, nesa da rijiya, da safar hannu. Wanda ya fi kyau shi ne dabbar da aka yanka tana cikin ciwo. In kana da aboki mahauci, je kwata da sassafe ka ga lafiyayyun kayan ciki tukuna. Wanda bai san hanta mai lafiya ba, ba zai gane marar lafiya ba.

Fara da hanta, don ita aflatoksin ke fara ci. Mai lafiya ja ce mai duhu, santsi, bakinta da kaifi. Wadda guba ta buga da ƙarfi takan koɗe ta koma ruwan ƙasa ko ɗorawa, ta kumbura har bakinta ya dakushe, in ka danna da yatsa ta farfashe. Wadda ta daɗe tana shan guba kaɗan-kaɗan kuwa takan taurare ta motse, wuƙa tana ƙara in tana ratsa ta. Dubi matsarmama: a alade da ɗan maraƙi bangonta yakan yi kauri, ya jiƙe da ruwa. Dubi kitse da farin ido ko sun yi shawara. Sannan ka nemi ɗigon jini a cikin tsoka da bangon hanji, saboda hantar da ta gaza ba ta iya haɗa abin da ke daskarar da jini. A kaji za ka ga hanta fara-fara mai maiƙo, da tabon jini a cinya da ƙirji kamar an doke su.

Kada ka rikita wannan da ciwon hanta na tsutsa, wanda ya yi yawa a shanun da ke kiwo a fadamun Logon da Binuwai. A can za ka ga hanyoyin matsarmama sun yi kauri sun yi fari kamar bututu, in ka tsaga ka matsa, tsutsa mai faɗi kamar ganye ta fito. Dabba ɗaya na iya haɗa duka biyun, kuma na sha ganin haka.

Sai huhu. Lafiyayye yana saɓewa da zarar an buɗe ƙirji, ba nauyi, kamar soso. Huhun aladen da fumonisin ta kama ba ya saɓewa. Yana da nauyi, jiƙe sharkaf, layukan da ke tsakanin sassansa sun buɗe sun cika da ruwa, ƙirji cike da ruwa garai mai launin fitsari, maƙogwaro cike da kumfa. A gwaji wannan yakan bayyana cikin kwana 4 zuwa 7 da fara cin abinci mai guba da yawa, kuma tushensa zuciya ce da ta raunana. A saniya, in ka ga huhu ya taurare da zane-zane, ya manne da haƙarƙari, yawanci gefe ɗaya, wannan ciwon huhun shanu ne mai yaɗuwa, a kai rahoto.

A 'yan tsaki labarin daban ne, domin a nan fumfunar da kanta ce ta tsiro. Wata baiwar Allah mai kiwon kaji a bayan gida ta taɓa kirana, 'yan tsakinta 'yan kwana goma suna miƙa wuya suna buɗe baki, amma ba ka jin ƙarar komai. Na buɗe uku, duka huhunsu da jakunkunan iskarsu ɗauke da ƙulli-ƙulli fari mai ɗorawa, girman ƙwayar gero. Na ce, "Hajiya, me kika shimfiɗa musu?" Ta ce ɓuntun shinkafa ne, ruwa ya taɓa shi amma ta shanya. Na ɗaga ƙasan mazubin ruwa, wurin ya yi baƙi-kore. Aspergillus fumigatus ke nan. Wanda ya kamu da wuya ya tashi, abin da ake ceta shi ne sauran. Irin wannan ƙulli a huhun saniya ko kaluluwarta kuwa, a ɗauke shi a matsayin tarin fuka har sai gwaji ya ce ba shi ba ne.

Ƙoda ba ta da dogon bayani. Gubar okratoksin tana sa ta koɗe, ta girma, ta yi tauri, wani lokaci da fararen ɗigo a bayanta. A Denmak an daɗe ana duba ƙodar kowane alade a mayanka saboda wannan, in guba ta wuce iyaka a zubar da naman gaba ɗaya.

Buɗe tumbi da maƙoshi ma. Farin abu manne a bango kamar dusar awara, ko gyambo mai jan baki, yakan fito a dabbar da aka daɗe ana ɗura wa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akwai darasi a nan daga ɗakin gwaji. In masana suna son fumfuna ta tsiro a jikin lafiyayyar dabba mai shayarwa, yawanci sai sun fara karya mata garkuwar jiki da magani, in ba haka ba jikin yakan kore ta. To abin da masana ke yi da gangan, shi masu kiwo ke yi ba da sani ba, in suna dirka wa dabba deksametazon, mai karya garkuwar jiki, da oksitetrasiklin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mako bayan mako. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai ƙwarai.

In saniya ta yi ɓari a wata na 6 zuwa na 8, a duba mabiyiya. Mai kauri kamar fatar da aka jeme, wani lokaci da tabo irin na makero a jikin ɗan, alamar fumfuna ce daga ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, saboda bakkale ma ɓari yake sa wa, kuma yana kama mutum.

Mataki na biyar: ɗauki samfur yadda zai yi amfani

Ɗauki hoto da waya kafin ka yanka komai. Daga hanta da huhu da ƙoda, yanki yanka da bai wuce kaurin santimita 1 ba, daga iyakar inda ciwo ya haɗu da lafiyayyen nama. Saka a kwalba mai fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, na kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau goma. Wannan ba a sa shi a firiza. Wani yankan kuma a leda mai tsabta cikin ƙanƙara, don a shuka a ga irin fumfunar.

Samfurin abinci ya fi wuya, saboda guba ba ta bazuwa daidai. Ƙwaya kaɗan a buhu na iya ɗauke da kusan dukkanta. Ɗebi kaɗan-kaɗan daga wuri goma ko fiye, sama da tsakiya da ƙasa, ka haɗa aƙalla kilo 1, ka zuba a jakar takarda ko ta yadi. A leda zai yi gumi, fumfuna ta ci gaba da girma a hanya, sakamako ya fito ƙarya. Rubuta ranar saye, ranar fara ci, ranar fara ciwo, da yawan waɗanda suka mutu. A Kamaru akwai ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, a Bokle kusa da Garwa, da makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere. A Cadi akwai cibiyar binciken kiwo ta IRED a Farsha, cikin Injamena. Likitan yankinku ya fara tuntuɓarsu ya ji irin gwajin da za su iya kafin a aika.

Mataki na shida: janye abincin yau, ba sai sakamako ya dawo ba

Gubar fumfuna ba ta da makari. Maganinta na farko a daina ci. Share komin abinci, kankare dusar da ta manne a kusurwa, sauya shimfiɗa. Ba da abinci mai tsabta mai gina jiki, da ruwa da inuwa. Akwai garin yumɓu mai suna bentonait da ake gaurayawa, wajen kilo 5 a tan ɗaya na abinci. Yana kama aflatoksin a hanji sosai, amma ba ya yin abin kirki a kan gubobin Fusarium, kuma ba ya mayar da ruɓaɓɓen abinci mai kyau.

In ciwon bai wuce rashin girma ba kuma kana shakka, ara dabarar masana. Raba dabbobin gida biyu masu kama da juna, sauya wa kashi ɗaya abinci daga wani wuri, ka auna su ranar farko da bayan mako uku. In tazara ta fito, ka samu amsa.

Me za a yi da buhun da ya lalace? A ƙone ko a binne da zurfi. Na san da ciwo, musamman a shekara irin 2024 da ambaliya ta cinye gonaki da rumbuna a Yagwa da sassan Cadi. Amma al'adarmu ta "tsince mai kyau, a ba kaji sauran" ita ce ke dawo mana da guba cikin kwano. Saniyar da ta ci aflatoksin tana fitar da wani kaso a nono cikin kwana ɗaya, kuma sai bayan kwana uku zuwa huɗu da daina ci nonon ke washewa. Wa ke shan nonon? Yara. Binciken da aka buga a 2002 a kan yara 480 a Benin da Togo ya samu alamar gubar a jinin kashi 99 cikin 100, kuma waɗanda suka tsumbure sun fi yawanta. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu da masarar da suka noma da hannunsu. Ga mai ciwon hanta nau'in B kuwa, gubar tana ninka masa haɗarin sankarar hanta ninkin ba ninkin.

Sayar da shi ma ba mafita ba ce, ko ga mai aladu, ko ga wanda ba ka sani ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi. Mai kaya ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Jiƙaƙƙen hatsi ne fa aka yi maganar a kansa.

Mataki na bakwai: rufe ƙofar tun daga gona

Gyaɗar da fari ya kama a makonnin ƙarshe kafin cira ta fi kowace haɗari, haka wadda aka bari a ƙasa bayan ta nuna. A cire a kan kari, a kife ta 'ya'yan suna kallon rana. Masara a shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan turɓaya ba. A tsince fasassu da motsattsu da masu baƙi kafin a kai inji, domin in an matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama. Dawar masakwa da ake girbewa da rani ta fi samun sauƙi, tunda a busasshiyar iska take nuna. A Ibadan cibiyar binciken noma ta IITA ta haɗa Aflasafe, wata fumfuna marar guba da ake watsawa a gona, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure, ta kori mai gubar.

Masara ba ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuma wajen 7. In ba na'ura, ga gwajin gishiri: samu busasshiyar kwalba, zuba hatsi zuwa sulusinta, ƙara cokali biyu na gishirin da aka soya ya bushe ƙayau, rufe, girgiza minti ɗaya, ajiye kwatan awa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsi rana.

Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda asalin bincikensa a Marwa aka yi shi tsakanin cibiyar binciken noma ta Kamaru, wadda a yau ake kira IRAD, da Jami'ar Purdue ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980, yana hana iska shiga, ƙwari su mutu, fumfuna ta tsaya. Sharaɗinsa hatsi ya bushe kafin a ɗaure. Jera buhuna a kan katako, da tazarar taki ɗaya daga bango. Jiƙaƙƙiyar dusar gasara ko ta giyar bilbil da masu aladu ke saye kada ta wuce kwana biyu, in za ta wuce a baza ta a rana. Harawa a sauke ta daga rufi a kai rumfa kafin hadarin farko. Daga Yuni zuwa Oktoba kuma, duk mako biyu a shiga sito a tura hannu cikin buhun da ke can ƙarshen lungu.